Garin ƙamshi a abincin maruƙa da 'ya'yan tumaki: yana sa su ci kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina ɗan kiwo a bayan Rigachikun. Ina da 'ya'yan tumaki 14, 'yan wata ɗaya zuwa sati 6, da maruƙa 3 haɗin Bunaji da shanun Turai da ba su kai wata 2 ba. Ina so in yaye su da wuri domin iyayen sun rame, amma sun ƙi dusa, sai su shinshina su juya. Wani mai sayar da kayan kiwo ya nuna mini wani gari mai ƙamshin madara, ya ce in na zuba musu za su ninka cin da suke yi. Gaskiya ne? Nawa ake zubawa? Kuma zan iya sa wa 'yan tsakina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa garken albarka. Tambayarka uku ce a haɗe: ko garin nan yana ƙara ci, yadda ake aiki da shi, da ko ya dace da kaji. Garin ƙamshi da na zaƙi suna iya sa ƙaramar dabba ta kai baki ga abinci da wuri, musamman a kwanakin farko na koyon ci, da lokacin yaye, da ranar da aka sauya mata abinci. Maganar ninka ci kuwa, kada ka gina lissafinka a kanta. Ƙamshi yana kiran dabba zuwa komi ne, amma abin da ke dawo da ita gobe shi ne yadda cikinta ya ji bayan ta ci. Shi ya sa zan ɗan daɗe a kan abin da ke hana su ci kafin in zo kan garin, domin a yawancin garken da ake kawo irin wannan kuka, can matsalar take.

Cikin ɗan wata ɗaya

Saniya, tunkiya da akuya cikinsu kashi huɗu ne. A babbar dabba tumbi ne ya fi girma, yana ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 na cikin, kuma a nan ƙwayoyin halitta ke narkar da ciyawa da dusa. A jariri abin akasin haka yake: kashi na huɗu, wanda ke narkar da nono, shi ne ya fi rabi, tumbin kuma ƙarami ne, sumul, ba ya aiki. Idan maraƙi yana tsotso, akwai wata kwata a maƙoshinsa da ke rufewa ta zarce da nonon zuwa kashi na huɗu ba tare da ya faɗa tumbi ba. Saboda haka komai yawan nonon da ya sha, tumbinsa ba zai girma da shi ba.

Abin da ke tayar da tumbi shi ne busasshen abinci mai hatsi tare da ruwa. Idan masara ko dawa ta shiga, ƙwayoyin halittar suka fara aiki a kanta, sai su fitar da wasu sinadarai masu tsami waɗanda ke tsiro da 'yan tsinkayen nan da kake gani a jikin tumbi idan an yi fiɗa. Da su dabba ke tsotse amfanin abinci. Daga ranar da maraƙi ya fara cin hatsi sosai zuwa lokacin da tumbinsa zai iya riƙe shi ana buƙatar sati 3 zuwa 4. Wannan lissafin ne ya sa duk kwanan da aka samu na fara ci da wuri yake da daraja, kuma a nan ne ƙamshi da zaƙi suke da gurbi. Dabbar da aka yaye tumbinta bai nuna ba ita ce kake gani da ƙaton ciki, gashi a tsaye, girma ya tsaya cak.

Akwai kuma hali. Ƙananan tumaki da awaki suna ɗari-ɗari da duk abincin da ba su saba da shi ba, kuma wannan kariya ce da Allah ya yi musu daga tsiro mai guba. Farfesa Fred Provenza na Jami'ar Jihar Utah a Amurka ya shafe shekaru yana nazarin wannan, ya nuna abubuwa biyu da kowane makiyayi zai gane. Na farko, ɗan tunkiya da ya ga uwarsa tana cin wani abu yana karɓarsa da sauri, kuma ba ya mantawa. Na biyu, idan ya ci sabon abinci cikinsa ya ɓaci, zai haɗa ƙamshin abincin da ciwon, ya guje shi bayan nan. Ka riƙe wannan na biyun, domin shi ne dalilin da ya sa zuba ƙamshi a kan lalataccen abinci yake jawo asara ninki biyu.

Kafin a zargi ɗanɗano

Ka fara da bakinsu da bayansu. Buɗe bakin kowanne ka duba ƙuraje a leɓe da dasashi. Ɗan tunkiya mai ƙurajen baki yana son ci amma zafi ke hana shi. Duba wutsiya ko akwai alamar zawo. Tsakanin sati 3 zuwa 8 ne ciwon hanji da likitoci ke kira koksidiyosis ya fi kama su, musamman inda garke yake da danshi kuma kashi yana faɗawa cikin komi. Ɗaga fatar ido ta ƙasa: in ta yi fari maimakon ja, akwai ƙarancin jini, galibi daga tsutsar ciki. Idan kana da ma'aunin zafi, maraƙi lafiyayye yana tsakanin digiri 38.5 da 39.5, ɗan tunkiya kuma daga 39 zuwa 40. Wanda ya wuce haka, ko mai majina da tari da zawo tare, likitan dabbobi yake buƙata a ranar. Daga nesa ba a gane ciwo, don haka wannan ɓangaren sai wanda ya taɓa su da hannu.

Sai dusar kanta. Ka ce dusa kake ba su, kuma ina kyautata zaton dusar masara ce zalla irin wadda ake ba manya. Wannan ba ta dace da ɗan wata ɗaya ba. Gari ce mai laushi, tana shiga hanci ta sa atishawa, tana liƙe wa a baki, furotin ɗinta kuma bai wuce kashi 10 zuwa 11 cikin 100 ba, alhali ƙaramar dabba tana bukatar 18 zuwa 20. Ka ɗebi tafi guda ka shinshina. Dusar da aka samo daga jiƙaƙƙiyar masara, aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, tana yin tsami da fumfuna cikin 'yan kwanaki, balle a watannin Yuli zuwa Satumba da iskar Kaduna ke cike da danshi. Ƙuli-ƙulin da ya daɗe yana warin tsohon mai. Hancin dabba ya fi naka, kuma in ta juya wa irin wannan baya, daidai ta yi. Fumfunar masara da gyaɗa tana iya ɗauke da guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta, kuma ƙanana sun fi manya saurin kamuwa. Babban haɗarin garin ƙamshi ke nan: yana iya rufe warin da ke gargaɗin dabba, ta ci abin da da ta bari.

Ruwa ma ana yawan mantawa da shi, a ce ai suna shan nono. Nonon ba ya shiga tumbi, kuma ƙwayoyin halittar da ke ciki ba sa rayuwa a busasshen wuri. Maraƙin da ba shi da ruwa a gabansa cinsa yana raguwa ƙwarai. A ajiye ruwa mai tsabta a ƙaramin mazubi, kusa da abincin amma ba manne da shi ba don kada su jiƙa shi.

Na ƙarshe, yunwa. Maraƙin da ke bin uwarsa wuni guda cikinsa cike da nono ba shi da dalilin neman wani abu. Dabarar Fulani ta ɗaure maruƙa a dangwali tana da amfani a nan: a raba su da iyaye na wasu awanni da hantsi, a ajiye musu abincin a lokacin, su tsotsa safe da yamma. 'Ya'yan tumaki kuma a yi musu ɗan shinge a gefen garke mai ƙofar da su kaɗai za su iya ratsawa, faɗinta kamar santimita 15 zuwa 20 gwargwadon girmansu, a sa komin a ciki inda akwai haske da inuwa. In ba haka ba iyaye ne za su cinye, su kuma su sha tunkuyi su ji tsoron wurin.

Abin da ke cikin garin

Kayan da ake sayarwa iri biyu ne, ko da yake sau da yawa ana haɗa su a leda ɗaya. Akwai na hanci: ƙamshin madara, vanila, hulba, kwakwa ko 'ya'yan itace, wanda aka shanya a jikin wani gari don ya auku. Akwai na harshe, wato masu zaƙi, kamar sakarin, sitibiya, da wani mai suna tomatin da ake samu daga 'ya'yan tsiron nan da mutanen kudu ke naɗe alale da ganyensa, wanda zaƙinsa ya ninka na sukari kusan sau 2,000. Saniya tana da ƙwayoyin ɗanɗano a harshe kimanin 25,000, fiye da ninki biyu na ɗan Adam, kuma maruƙa suna son zaƙi sosai. Tumaki da awaki ma suna so, amma sun fi karkata ga abin da suka saba da shi. A tsakanin biyun, zaƙi ya fi ƙamshi zalla tasiri.

Ga inda ake rikita mai saye. Idan aka ajiye komi biyu, ɗaya da ƙamshi ɗaya babu, dabbobi sukan fi zuwa mai ƙamshin, kuma wannan gwajin ne aka fi nunawa a talla. Amma a garkenka komi ɗaya ne. Da aka yi gwaji da komi ɗaya, ana auna jimillar abin da aka ci a wata, sakamakon ya sha bamban: wani lokaci a sami ƙari kaɗan, wani lokaci babu, kuma ƙarin yakan dushe bayan sati ɗaya ko biyu idan dabba ta saba. Ka kuma sani cewa yawancin waɗannan kayan an ƙirƙire su ne don 'ya'yan aladu da maruƙan shanun madara na Turai da Amurka, waɗanda ake raba su da uwa tun suna 'yan kwanaki ko 'yan makonni. Ɗan tunkiyar 'Yankasa ko Balami da ke tare da uwarsa yana da malamar da ta fi kowane gari.

In ka yanke shawarar saye, ledar ta zama tana da rubutun abin da ke ciki, irin dabbar da aka yi dominta, adadin da ake zubawa, ranar lalacewa, da lambar hukumar NAFDAC. Garin da aka ɗebo daga buhu aka ƙulla a farar leda ba rubutu, bar shi. Kuma ina roƙon masu kiwo da babbar murya su daina ba ƙananan dabbobi ƙwayoyin ƙiba na mutane irin su sha-ka-fashe da sunan buɗe ciki. Suna tara ruwa a jiki ne, suna karya garkuwar jiki, sai ciwon da yake kwance ya taso.

Adadin da kamfanoni ke rubutawa galibi yana tsakanin gram 200 da kilo 1 a tan ɗaya na abinci, wato gram 20 zuwa 100 a kilo 100. Bi abin da ke jikin ledar, kuma ka auna da ƙaramin sikeli, kada ka yi da ido. Wuce adadi yana juya abin: sakarin in ya yi yawa ɗaci yake yi, ƙamshi mai ƙarfi kuma yana korar dabba kamar yadda turare mai yawa ke hawa kai. Gram 50 ba zai taɓa bazuwa a kilo 100 ba idan aka watsa shi kai tsaye. A fara cakuɗa shi da kilo 1 na dusar alkama har ya haɗu, a zuba wannan cikin kilo 5, sannan cikin kilo 20, sannan cikin sauran, ana juyawa da shebur a kan siminti mai tsabta aƙalla sau uku. Ƙamshi kuma yana tashi da zafi. Ledar da aka bari a buɗe a ɗakin kwano cikin zafin Maris da Afrilu, bayan 'yan makonni gari kawai za ka tarar. A rufe ta ruf, a ajiye a inuwa, a haɗa abincin da zai ƙare cikin sati ɗaya.

Zaƙin da ke kusa da kai

Abin da na fi ba masu kiwo shawara a kai shi ne molas, baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari a masana'antu irin na Numan da Sunti. Ya fi garin ƙamshi ta fuska uku: yana da zaƙi da ƙamshi na gaske, yana ba da ƙarfi domin kusan rabinsa sukari ne, yana kuma kama ƙurar abinci, abin da ke da muhimmanci ƙwarai da hunturu. Adadinsa kilo 5 a cikin kilo 100. Kada ya kai 10. A nan abinci yake dunƙulewa, ya yi danƙo, ci ya ragu, kashi ya yi ruwa. A sirka shi da ruwan ɗumi daidai yawansa, a yayyafa ana juyawa. Da damina abincin da aka sa wa molas kada ya wuce kwana 3 zuwa 4, domin danshi da zaƙi su ne abincin fumfuna, ga kiyashi da ƙudaje.

In molas ya yi wuya, mazarƙwaila tana nan, kuma jiharmu ba ta rasa ta, ga ƙasar rake a Maƙarfi da kewayenta. Ta fi molas yawan sukari, don haka kilo 2 da rabi zuwa 3 a kilo 100 sun isa. A narkar da ita a ruwan ɗumi kaɗan. Garin ɗorawa, wato ɗorawar nan rawaya mai zaƙi, yana yin aikin, kamar kilo 3 a kilo 100, amma a tabbatar ba a haɗa da ɓawon da ake yin makuba da shi ba, domin yana da bauri mai hana ci. 'Ya'yan gawo da ke zubowa da rani tumaki da awaki suna rububinsu. A daka su a barbaɗa kaɗan a saman abinci. Hulba ma, 'yar kaɗan da aka niƙa, tana ba da ƙamshin da kamfanoni da kansu suke kwaikwaya, sai dai tana da ɗaci in ta yi yawa.

Akwai kuskure ɗaya da nake so ka kiyaye sosai. Kada a zuba sukari, mazarƙwaila ko molas cikin madara ko ruwan da ake ɗura wa jaririn maraƙi ko ɗan tunkiya. Hanjinsu ba shi da sinadarin da ke narkar da sukarin rake. In ya bi ta hanyar nono ya zarce hanji, zawo zai jawo, ko ya ƙara wanda ake ciki. A cikin busasshen abinci babu wannan matsalar, tunda tumbi yake faɗawa, ƙwayoyin halitta su sarrafa shi. Haka nan ruwan gishiri da sukari da ake haɗa wa yara masu gudawa bai dace da maraƙi ba; nasa da gulukos ake yi.

Gishiri yana ƙara wa abinci armashi a rabin kilo cikin kilo 100. In ya haura sosai, shi kansa hana ci yake, har a wasu ƙasashe da gangan ake ƙara shi don rage wa shanu cin hatsi. Kanwa a bar ta a gefe su lasa in suna so, kada a zuba ta cikin haɗin.

Haɗin da za a ɗora zaƙin a kai

Ga misalin kusan kilo 100 da kayan da ake samu wurin masu injin haɗa abincin kaji a Kaduna da Zariya: ɓarzajjiyar masara kilo 46, dusar alkama kilo 22, ƙulin waken suya kilo 24, molas kilo 5, garin farin dutsen da suke kira laimiston kilo 2, gishiri rabin kilo, da gram 250 na sinadarin bitamin da ma'adanai na dabbobi masu tuƙa (ga 'ya'yan tumaki, wanda aka yi domin tumaki). Wannan yana ba da furotin kusan kashi 18. Masarar a ɓarza ta kamar tsaki, kada a niƙa ta gari. Ƙanana sun fi son abin da za su tauna, kuma gari mai laushi yana saurin tsamar da tumbi. In babu waken suya, ƙulin gyaɗa sabo mai tsabta zai maye gurbinsa. Ɗanyen waken suya kuwa sai an soya shi.

Abubuwa uku ba sa shiga abincin ƙanana komai arharsu. Anguriya da ƙulinta suna da guba mai suna gosifol. Babbar dabba tumbinta yana kashe kaifinta, ƙarama kuwa tana taɓa mata zuciya, har a wayi gari a ga ta mutu ba alama. Takin yuriya da wasu ke haɗawa da molas don manyan shanu guba ne ga wanda tumbinsa bai fara aiki ba, don haka in ka sayi dunƙulen lasa mai molas ka duba ko da yuriya a ciki. Na uku, sinadarin ma'adanai na kaji ko na shanu kada a ba tumaki, domin yawan tagulla a cikinsa yana taruwa a hantarsu. Farin dutsen nan kuma kada a cire shi don rage kuɗi: dusa tana da yawan fosfaras, kuma in ba a daidaita ta da kalsiyam ba, 'yan raguna suna yin tsakuwar mafitsara, fitsari ya toshe.

Yadda za a fara yana da sauƙi. Kwana 4 ko 5 ka riƙa ba iyaye mata ɗan wannan haɗin a ƙaramin komi a gaban 'ya'yan, su gani, su lasa daga bakin uwa. Ƙamshin abin da uwa ta ci yana ratsawa har cikin nononta, don haka in za ka yi amfani da garin ƙamshin, sa shi a abincin uwa da na ɗa tare ya fi sa shi a na ɗa kaɗai. Ga maruƙa, da zarar sun gama tsotso, lokacin da bakinsu ke neman abin kamawa, ka ɗebi kaɗan a tafin hannu ka goga musu a baki. A komi kuma a zuba tafi ɗaya ko biyu ga kowanne, a kwashe ragowar kullum da safe a ba manya, a share komin. Abincin da ya kwana da yawu yana tsami, kuma cika komi maƙil don a huta shi ne hanyar da ta fi saurin koya musu ƙin abinci. A rataya musu ɗan ganyen harawar wake ko ta gyaɗa mai laushi a gefe. Ana ƙara hatsin a hankali gwargwadon yadda suke cinyewa, domin ɗan ragon da ya afka wa abinci mai zaƙi lokaci guda yana iya samun kumburin ciki ko zawo mai kisa.

Yaye kuma da ci ake auna shi, ba da kwanan wata ba. Maraƙi irin naka sai ya cinye gram 700 zuwa kilo 1 a rana, kwana 3 a jere. Ɗan tunkiya sai ya kai gram 200 zuwa 250 a rana, kana ganinsa yana tuƙa, nauyinsa kuma ya ninka na haihuwa kamar sau uku, wanda da wuya ya samu kafin sati 8 zuwa 10. Naka 'yan sati 4 zuwa 6 ba su isa ba tukuna. Ramar iyayen da ta dame ka, a yanzu maganinta ƙara musu abinci ne da duba tsutsar ciki, domin a wannan lokacin ne nono ya fi jan jikinsu. A sati na yayen kada a sauya komai, haɗin da ƙamshin da komin su zama waɗanda suka saba. Bayan sati 2 zuwa 3 sai a fara rage zaƙin a hankali, tunda aikinsa ya ƙare.

In kana son sanin ko garin ya cancanci kuɗinsa, kana da isassun dabbobin gwaji. Raba 'ya'yan tumakin 7 da 7, ka daidaita su a girma da jinsi. Haɗi ɗaya, ruwa ɗaya, bambancin kawai garin. Kullum ka auna abin da ka zuba da abin da ya rage, ka rubuta. Kowane sati ka auna nauyinsu da sikelin rataye da buhu, da safe kafin su ci. Bayan sati 4 ka duba nauyin da aka ƙara, ka kwatanta da kuɗin garin. Kada ka yanke hukunci da kwana 3 na farko, lokacin ne sabon abu ke jan su. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, da ke Shika a Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana da masana abincin dabbobi, kuma in kana haɗa abinci da yawa yana da kyau ka kai samfur a auna maka furotin ɗinsa.

'Yan tsaki

A nan ajiye kuɗinka. Ƙwayoyin ɗanɗanon kaza 'yan ɗaruruwa ne kawai, kuma ba ta da ma abin da ke gane zaƙi a harshenta, ko da yake tana jin ɗaci. Da ido da baki take zaɓar abinci: girman ƙwayar, launinta, da taurinta. Ɗan tsakon da ya ƙi ci, ka duba zafin ɗakin, wanda a satin farko ya kamata ya kasance wajen digiri 32 zuwa 35 a daidai inda suke tsaye. In sun cure a ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun watse suna haki zafi ya yi yawa. Ka tsoma bakin kowanne a ruwa ranar da suka iso, ka barbaɗa abincin a kan takarda ko faranti mara zurfi na kwana 2 zuwa 3 don su gani su ji ƙararsa, ka bar musu haske, abincin kuma ya zama ɗan tsaki-tsaki maimakon gari. Bayan awa 24 ka taɓa maƙoƙon guda 20: in kusan duka cike suke da laushi, sun sami abinci da ruwa, mai tauri ruwa ya rasa, wanda ba komai a ciki kuma bai gano abincin ba, sai a ƙara faranti a matso da su kusa da fitila.